Motar Gobe, Ƙirar Jiya

A ce masu sha'awar mota sun shirya gasa: a zana motar gobe, amma goben da mutanen shekarun 1950 suka hango. Goben nan dai har yau tana hanya.

Dole bayan mota ya fito da fukafukai irin na Cadillac ta 1959, masu tsinin da za a iya ɗaura igiyar shanya. Rufi kuwa na gilashi, don direba ya dahu a tsanake. Mai ƙarfin hali sai ya kwaikwayi Nucleon, motar nukiliyar da kamfanin Ford ya nuna ɗan samfurinta a 1958. Ba ta taɓa tashi ba, shi ya sa bakanike bai taɓa cin sisinta ba.

Alƙalan gasar ba ruwansu da inda za a yi fakin.