Masu Riƙe da Oba-Oba a Bakin Ruwa

Ranar bikin Rigata na Yauri, sa'ad da kwale-kwale suka cika Kogin Neja, ba matuƙa kaɗai ke ba da kallo ba. Matsa kusa da masu riƙe da oba-oba, sai ka manta da tseren.

Ƙa'idar ba ta da yawa. A rediyon ruwa na VHF, duniya ta keɓe tasha ta 16 don kira da neman ceto: ka kira, a amsa, ku koma wata tasha ku yi zancenku. Muddin kuwa wani ya danne maɓalli, muryar na nesa ba ta fita. Iyakarta ke nan, amma ga mutanenmu.

Akwai Mai Gaisuwa. Shi ba ya shiga magana da ka, ko da jirgi na shan ruwa. "Salamu alaikum, Alhaji, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya gajiyar jiya? Ya jikin Hajiya?" Kafin ya kai ga ya muka ji da zafi, an gama zagaye biyu. Abin da ya kira ya faɗa kuwa bai wuce a turo masa ruwan leda ba. Mutumin kirki ne, tarbiyya ce ta yi masa yawa.

Ƙaninsa shi ne Mai Zama Kan Maɓalli, wanda ya cusa na'urar a aljihun baya ya zauna a kanta. Daga wannan gaɓa zuwa waccan kowa ya ji yadda ya taya giwan ruwa, da abin da ya ce game da surukarsa.

Sai Kwamanda. Baƙin tabarau, rigar ceto a rataye a kafaɗa maimakon a jiki, oba-oba a bakin kunne. A kasuwar Sabon Gari ta Kano ya sayo ta, bai san ana neman lasisin gwamnati kafin a hau tashoshin ruwa ba, tunda a ganinsa rasit ya wadatar. Rabonta da caji tun Sallah, amma umarni yake ta bayarwa, kuma a fuskarsa za ka rantse ana amsa masa.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Ɗan Wasa, saurayin da ya ji "Mayday" a fim, yake faɗinta don ya ga jami'an NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, sun zabura. Sau uku ake furta kalmar nan, sannan sunan jirgi, inda yake, abin da ya faru da yawan mutanen ciki, kuma ba a furta ta sai rai na cikin haɗari. Kiran ƙarya laifi ne. A ƙasar da jirgi ya kife kusa da Wara a Mayun 2021 ɗauke da mutum fiye da 100, wannan wasa ya fi ƙarfin ja masa kunne.

Baba Tsohon Matuƙi kuwa tasa a kashe take, wai yana tattalin batir, an naɗe ta a leda uku tare da goro.

Namu na Kademi fa? Ruwan da ya sani rijiya ne da kududdufin damina, babban kogi sai in ya je Wudil. Aka miƙa masa oba-oba ya riƙe wa wani, ta yi kuwwa a hannunsa. Ya kara a kunne ya ce, "Wa ke magana? Mai ita ya zaga, amma bari in kashe in kira ka, kada katinka ya ƙare."