Baƙin Tsibirin Eigg Iri-iri

A yammacin Sikotilan akwai wani ɗan tsibiri mai suna Eigg, mazaunansa ɗari da 'yan kai. A 1997 suka tara gudummawa suka saye tsibirin, a 2008 kuma suka kunna lantarkinsu na ƙashin kansu daga iska da ruwa da hasken rana, babu wayar da ta haɗa su da babban layin ƙasa. Rabon kowane gida kilowat 5 ne a lokaci guda, in ka haura wuta ta ɗauke. Wanda ke ba 'yan hutu hayar gida a nan ba ya daɗewa yake haddace halin 'yan Adam.

Ta farko cikin baƙin ita ce Uwar Jone-jone. Tana shiga za ta kunna butar shayi, wadda ita kaɗai ke cin kilowat 3, ta ɗora injin wanki, ta ƙara da na busar gashi. Gida ya yi ɗif, sai ta fito tana cewa an ba ta gida mai lalatacciyar wuta.

Sai Mai Gudun Duniya. A bakin ruwa yake shelar cewa ya gaji da waya, ya zo ya huta da hayaniya. Kafin la'asar za ka hango shi kan dutse, hannu a sama, yana farautar sabis.

Akwai Malam Agogo, mai taro ranar Litinin da safe. Jirgin ruwan da ke zuwa daga Mallaig kuwa da izinin iska yake tashi. Ranar da aka soke tafiya, wannan bawan Allah zai tsare mai gida da tambayar wa zai kai wa ƙara, kamar teku na da manaja.

Ga Sarkin Kaya. An faɗa masa ba a barin baƙi su shigo da mota, ya ji, ya kuma iso da akwatuna har da na takalma. Shi ake gani a hanya yana tafe yana hutawa, tumaki na kallonsa.

Jarumi kuma gajeren wando yake sawa ya nufi An Sgùrr, dutsen nan mai tsayin mita 393, ya ƙi karɓar maganin shafawa. Ƙananan ƙudajen bazara masu cizo sai su karɓe shi hannu bibbiyu. Da yamma zai dawo yana susa, yana tambaya a hankali ko maganin nan yana nan.

Mafi sauƙinsu duka shi ne wanda ya tashi a hannun NEPA. Kafin a gama masa bayani ya cika waya da caji, ya ajiye tocila ƙarƙashin matashi, ya yi guga tun da wuta. Abin da ke ba shi mamaki ɗaya ne: wai a nan in wuta ta ɗauke, kai ne mai laifi.

Gogaggen mai gida ba ya ba kowa haƙuri kan iska ko ƙudaje. Tun kafin a biya kuɗi yake rubuta wa baƙo komai ɓaro-ɓaro: iyakar wuta, halin jirgi, kanti guda a bakin ruwa. Ya san rabinsu ba za su karanta ba, shi ya sa ya manna wata takardar a jikin butar shayi.