Tsagar Bara Ta Dawo

Da damina ta ja baya, hirar majalisarmu ta bayan sallar isha'i takan koma kan bango. Wannan ya ce katangarsa ta dare, wancan ya ce tsagar da ya liƙe bara ta dawo a gurbinta. Abin da muke yi a layinmu sananne ne: Sallah ta ƙarato ko za a kawo amarya, sai a auno siminti kwano biyu, a sa yaro ya cusa, a bi da fenti. Kafin shekara ta zagayo ga ta nan kamar an ja da wuƙa.

Daren jiya Alhaji na kan kwana ya kawo kukansa, Baba magini kuwa ya ce a haska masa fitilar waya. Muka ɗunguma. Ya bi tsagar da ɗan yatsa, daga gindin taga ta yi ƙasa tana bin layin bulo kamar matakala.

"Alhaji, wannan ba ta filasta ba ce," in ji shi. "Ta filasta siririya ce kamar gashi, ko tsinken ashana ba ya shiga. Wannan ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashinka."

Alhaji ya ce, "Haba Baba, ai bulo mai inci tara na sa!"

Baba bai tanka ba, ya nuna kwatar da ke bin gindin ginin. Ta fashe tun bara, ruwan wanke-wanke na tsuma harsashin dare da rana. Ga darbejiya taku uku daga bangon, saiwarta na zuƙe damshi da rani. Kuma duk mun sani, rabin layin nan kududdufi ne aka cike da shara da ɓaraguzai, kamar unguwanni da yawa a Kano. Irin wannan ƙasa sai ta yi shekaru tana zama.

Abin da ya fi damuna, iyayenmu masu ginin tubali ba haka suke ba. Kafin ruwan farko sai an yi yaɓe, an duba indararo, an ga inda ruwa zai bi. Mu da muka koma siminti sai muka ɗauka gini ya daina neman kulawa. Mu sayi bulon da aka buga hamsin ko sittin da buhu ɗaya mai kilo 50, wanda kana murza gefensa yashi na zuba, mu kuma hana shi ruwa saboda tsadar 'yan garuwa.

Baba ya ce kada a taɓa tsagar tukuna. A manna ɗan kwaɓin filasta a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage cikin 'yan makonni, bangon na tafiya, sai an tono harsashi an gani. In bai tsage ba, a faɗaɗa bakin tsagar, a kaɗe ƙura, a jiƙa, a gitta gajerun rodi a layin bulo, sannan a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu. A riƙa ba shi ruwa kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da shi tun bai kama ba.

Alhaji ya tambayi kuɗin aiki. Baba ya ce, "Fara da kwatar, Alhaji." Da yake ta ratsa gida huɗu, nan take muka yanke kowa ya kawo nasa, ranar Asabar a fara haƙa.