Ɗan Fillo ya saki nono

Bawana Ɗan Fillo, labari ya iso mu a Yerwa cewa tun da ka tare a Abuja ka bi ayarin mutanen nan da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, waɗanda ake kira bigan. Ba nama, ba ƙwai, ba zuma, har takalmin fata an ce ka tuɓe. Duk na ji ban ce uffan ba. Da aka zo kan nono da man shanu ne na ce wa mai ba ni labarin ya sake faɗa. Bafulatani ba nono? To me ya rage maka, sanda da malafa?

Wanda ya kafa muku ƙungiyar, Donald Watson, a Ingila ya kafa ta a 1944. Bawan Allah bai taɓa kwana a ruga ba, bai san daɗin kindirmon safe ba, shi ya sa abin bai yi masa wuya ba. Kai kuwa da madara aka yaye ka.

An ce yanzu neman magajin tsire kake yi ido rufe, har saƙo kake ba masu zuwa Landan su riƙo maka naman bogi na kamfanin Beyond Meat, wanda ake haɗawa da wani irin wake, a ɗiga masa ruwan wani jan tushe don ya yi kalar jini. Da fam kuma! Da ka tambayi ubangidanka, da na tura ka bakin makarantar firamaren unguwarku wajen mai awara. Tun da asuba ta jiƙa waken suya, ta kai inji, ta tace, ta tafasa madarar, ta zuba ruwan tsami ya dunƙule, ta juye a ƙyalle ta danne da dutse. Kafin a tashi tara tana soyawa, ga yaji ga kabeji. Ita ce fa tofun da kake saya a leda kana yi mana iyayi, wadda mutanen Sin suka daɗe da sani. Ka yanka ta, ka birkiɗa a garin ƙuli-ƙuli, ka tsira a tsinke ka jera gefen garwashi. Rabin daɗin tsire dama a ƙulin yake, kowane mahauci ya san haka, faɗa ne ba zai yi ba. Miya kuwa ka cika mata daddawar kalwa. Ga ƙosai, ga alala, ga ɗanwake, duk abincin da ka raina lokacin da kake da saniyar tatsa.

Sai dai ka saurara, don ba na son dukiyata ta lalace. Akwai sinadarin da likitoci ke kira B12, wanda wake da ganye ba za su ba ka ba. A nama da nono da ƙwai yake. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, da dindirisin hannu da ƙafa, da mantuwa. Ka nemi ƙwayarsa a kemis ka riƙa sha. Kai da dama ba jiki ba, kada iskar hunturu ta yi gaba da kai mu shiga cigiya.

Inda nake jiran ka shi ne ranar da za ka je gida. Inna ta dama fura a sabuwar ƙwarya, ga mai yana yawo a kai, ta miƙo maka, ka ce a'a, sai dai da kunun aya. Don Allah ka sanar da ni ranar, ko a mota ko a ƙasa zan zo kallo. Babbar Sallah ma tana tafe, za mu ga wanda zai riƙe maka ƙafar ragon.

Kafin nan, tun da shanun ba su da sauran amfani a wurinka, ka koro su Maiduguri. Bawa da abin hannunsa ai duk na Babarbare ne. Ka haɗo da jar karsanar nan da kake ɓoyewa, na san da ita.