Kwalliyar Ƙafar Keke

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, babura suka fara yin zaman gida a Unguwar Tudu. Nawa ma na jingine shi a zaure, na shiga ɗakin shirgi na zaro keken Baba, wani Raleigh da ya girme ni. Ƙarfensa garau yake, irin na da. Ƙafafun ne suka mutu: tayoyin sun tsattsage, tub ɗin ya manne a ciki.

Na tura shi har Gwarzo, wurin wani tsoho mai gyaran keke. Ya auna da ido kawai ya ce taya mai lamba 28 zai ci, wadda Phoenix na Sin da Hero na Indiya su ma ke ci. Yana cikin ɗaurawa sai idona ya faɗa kan teburin wani yaro a gefe. Jama'a, ashe duniya ta ci gaba muna nan muna hawan babur! Ga duwatsun roba kala-kala da ake jerawa a wayoyin ƙafa, ga wani zobe mai gashi da ake sa wa a cibiyar ƙafa yana juyi yana share ƙura, ga madubin roba ja da ruwan ɗorawa mai ƙyalli da dare. Sai kuma sarkin kayan: murfin bawul mai fitila, wanda da ƙafa ta motsa sai ya kama walƙiya shuɗiya. Na ce a zuba mini kowanne.

Tsohon ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wannan kuɗin da ka sayi sabuwar robar bawul. Sannan a yanka tsohon tub a naɗe rim, kada kan waya ya huda maka sabon. In da hali, a shimfiɗa tsohuwar taya a cikin sabuwar saboda ƙaya."

Na ce, "Baba, duk abin da ka lissafa, akwai wanda ake gani daga waje?"

Ya ce babu.

Na ce to a bar su zuwa wani jiƙon.

Wajen ɗaura fitilar aka ɗan samu gardama. Bawul ɗin keken gargajiya siriri ne, irin wanda ake kira da sunan Dunlop, wancan likitan dabbobin da ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a Belfast a 1887. Iskar kuwa wata 'yar guntuwar roba ce ke tare ta, sai goro ɗaya da ke riƙe da ita. Murfin mai fitila kuma an yi shi ne don bawul mai kauri na mota da babur. Bai hau ba. Yaron ya ce wannan ba matsala ba ce, ya naɗa leda ya murɗa da ƙarfin tsiya. Tsohon ya kau da kai ya ci gaba da goga wani tub da zarto, yana shafa solishon, bai ƙara tofa komai ba.

Ranar da na ware don fito da keken ita ce ta zuwa gaida surukina, a wani ƙauye ta wajen Kabo. Lokacin kaka ne. Na sa shadda, na ɗaure ƙullin goro a kariya.

Abin da yaron bai gaya mini ba shi ne halin duwatsun nan. Idan kana tafiya a hankali, kowane juyi sai su zubo daga rim zuwa cibiya, kacau-kacau, tamkar ana kaɗa caki a gidan biki. Sai ka yi gudu sannan juyin ya watsa su can bakin rim su yi tsit. Ke nan duk inda mutunci ya ce ka sassauta, nan keken zai tona maka asiri. Na iso majalisar dattawa na rage tafiya zan yi sallama, ƙarar ta haɗiye sallamar. Na iso ƙofar masallaci ana karatu, ba yadda zan yi sai na tsuga gudu, har wani ya bi ni da "Lafiya?" Yara kuwa tun daga bakin gari suka ɗauka mai sayar da alewa ne.

Don in kuɓuce musu na saki hanya na bi burtali. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tsidau: ɗan tsiro ne mai shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya, ba ya ko kai idon sawu. Amma in 'ya'yansa suka bushe suka tarwatse, kowane ɓari yana kwance da ƙaya a sama yana jiran mai tsautsayi. Ƙafar baya ta kwashi rabonta. Ta gaba ba ta ma jira ƙaya ba, don murɗar da yaron ya yi ta riga ta kwance goron bawul, iska na zirarewa tun daga gida. Na sauka na duba. Tayoyi biyu a kwance, fitila kuwa na ta walƙiya abinta tsakar rana.

Famfo ban saya ba, shi ma ai ba a jikin ƙafa yake ba. Mai faci mafi kusa yana can bakin titi. Ina tsaye sai ga wani saurayi yana ɗora harawa a kan bishiya. Ya ce a wurinsu idan haka ta faru, ɓalle gefen taya ake yi a cusa ciyawa a danna sosai, ta kai mutum gida. Ciyawa ta bushe ta zama ƙaya, don haka na sayi dami guda na harawar wake a hannunsa. Muka ɗura ta baya ta yi tam, ta gaba kuma na ɗaure goron bawul na bar ta da 'yar iskar da ta rage. Gaskiya dabarar tana aiki, in dai ba ka damu da haƙoranka su riƙa haɗuwa ba.

Na isa bayan la'asar, ganyen wake na leƙowa ta gefen rim. Na jingine keken a ƙofar zaure, na cire takalmi, na durƙusa gaban surukina kaina a ƙasa.

"Baba, mun same ku lafiya? Ya amfanin gona?"

Muna cikin gaisuwa na ji kacau. Can kuma kacau-kacau. Ɗan kunya ba ya waiwaye a gaban suruki, sai na ci gaba da tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na san sun yi ƙaura. Ta wutsiyar ido na hango ragon da yake kiwatawa ya kafa ƙafa a kan feda, yana zaro harawa daga tayata tsinke-tsinke. Awaki biyu sun zo taya shi. Ɗaya ta gama da zoben gashin nan ta koma kan ledar fitila.

Surukina ya daɗe yana kallonsu ta saman kaina. Sannan ya jawo ƙullin goron gabansa ya yi gyaran murya.

"Madalla, Allah ya yi albarka. Ga goro, ga kuma na dabbobi. Sai dai in za ka sake zuwa, a cika ta gaban ita ma, don awakin sun fi haka yawa."