Zuwa ga Hukumar FEMA: Ku Auna Ƙasar Altadena

Hukumar Agajin Gaggawa ta Amurka,

Daren 7 ga Janairu, 2025, iskar Santa Ana ta koro gobarar Eaton daga kan duwatsu zuwa cikin Altadena, kusa da Los Angeles, ta cinye gine-gine sama da 9,000. Jami'an hukumar kashe gobara ta Cal Fire sun bi gida-gida suna rubuta wanda ya ƙone ƙurmus, wanda wuta ta lasa, da wanda ya tsira. Sun yi aiki, ba a raina musu. Amma lissafin ido ne, kuma ɓarnar da ta fi tayar mini da hankali ido ba ya ganin ta.

Yawancin gidajen Altadena tsofaffi ne, an gina su tun kafin 1978, shekarar da Amurka ta haramta fentin gida mai dalma. Da suka ƙone, dalmar ta bi toka ta kwanta a tsakar gidaje, hayaƙi kuma ya kai ta cikin ɗakunan da takarda ta ce lafiyarsu ƙalau. Hukumar lafiya ta gundumar Los Angeles ta samu dalma fiye da ƙima a ƙasar unguwannin da iska ta bi. Duk da haka kuka tsaya kan cewa injiniyoyin soja su kankare inci 6 na ƙasa, shi ke nan, babu awo bayan shara. Alhali bayan gobarar Camp da ta ƙone garin Paradise a 2018 an auna ƙasar kafin a ce wa mutane su sake gini. Me ya sauya?

Mu dai dalma ba baƙuwarmu ba ce. A Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikin ƙasar da suke rarrafe a kai. Ba ta da wari, ba ta sa ƙasa ta sauya kama, kuma ƙwaƙwalwar yaron da ta taɓa ba ta komawa daidai.

Iyalai baƙar fata da yawa sun sayi gida a Altadena lokacin da ake hana su wasu unguwanni, gidan nan shi ne gadonsu. Ba kowannensu ke da kuɗin ɗauko mai awo ba. Ku koma fili-fili ku ɗebi ƙasa ku auna, ku miƙa wa kowane mai gida sakamakonsa a rubuce, inda aka samu guba kuma a sake kankarewa da kuɗin gwamnati.