Jirgin da aka saya fam ɗaya

A ƙarshen 1973 kamfanin Caledonian MacBrayne, mai jigilar mutane a gaɓar yammacin Sikotland da tsibiranta, ya ajiye wani jirginsa mai suna Waverley. Jirgin na shan mai, kuɗin gyaransa kullum hawa yake, ga shi mutane sun sami motoci sun rage fita shan iska a kogin Clyde kamar yadda iyayensu suka saba. Makomar irinsa a lokacin ita ce hannun masu yankan ƙarfe. Sai kamfanin ya kira wata ƙungiya ta masu kishin jiragen tururi ya ce su zo su ɗauka. A 1974 wani ɗan ƙungiyar, Douglas McGowan, ya miƙa takardar fam 1, aka damƙa musu jirgi mai tsawon ƙafa 240.

Araha ba ta ado. Mai sayarwa da masu saye, babu wanda ya tabbata jirgin zai sake hura wuta. Hanya mafi sauƙi a fili take: a ɗaure shi a bakin ruwa, a wanke, a jera kujeru, a mai da shi gidan abinci ko ɗakin kallo, kowa ya ce an ceci tarihi.

Waverley ba da farfela yake tafiya ba. Manyan wili biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, kowanne ɗauke da faffaɗan allunan katako masu dukan ruwa. Kakanninmu na bakin Kwara da Binuwai sun san danginsa, masu wili a baya, waɗanda suka riƙa sauko da gyaɗa da auduga daga Baro da Yola ta Lakwaja zuwa Burutu. Kamfanin A. & J. Inglis ne ya ƙera shi a Gilasgo a 1946, ya gaji sunan wani jirgin da aka nutsar a 1940 yana kwaso sojoji daga Dunkirk. Injinsa a buɗe yake a tsakiyar jirgin. Fasinja na iya tsayawa a gefe ya ga manyan damatsan ƙarfe uku suna tashi suna faɗawa bi da bi, zafi na dukan fuskarsa, warin mai na cika hancinsa, injiniya na tsaye hannunsa a kan sanda yana jiran ƙararrawar matuƙi. Wilin biyu a kan ƙarfe guda suke, ba a iya juya ɗaya a bar ɗaya, don haka jirgin ba ya juyawa a ƙuntataccen wuri, kuma sai da gwanintar igiya ake tsayar da shi a matsaya. Abu irin wannan, idan aka kashe masa wuta aka ɗaure, gangar jikinsa kawai aka ajiye. Sanin yadda ake tuƙa shi da yadda ake sauraron injinsa yana ƙirjin mutane ne, kuma yakan tafi tare da su.

Masu fam ɗaya suka ɗauki hanya mai wuya. Suka nemi gudummawa, suka ɗauki ma'aikata, a 1975 jirgin ya sake fita da fasinja. A Yulin 1977 ya hau duwatsun Gantocks kusa da Dunoon, ya ji mugun rauni. Suka janyo shi suka gyara. A 1981 suka sa masa sabuwar tukunyar tururi, kuma don ya ci da kansa suka riƙa kai shi neman fasinja har mashigin Bristol da kogin Thames.

A kudancin Ingila akwai wani ɗan'uwansa mai suna Ryde, wanda aka ƙera a 1937 a Dumbarton, a bakin wannan kogi na Clyde ɗin. Ta fuskar abin alfahari, Ryde bai gaza Waverley ba. Ya yi aikin share nakiyoyin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin jiragen da suka je gaɓar Normandy a 1944, sannan ya koma jigilar mutane tsakanin Portsmouth da tsibirin Wight har 1969. Shi ma ya tsira daga masu yankan ƙarfe. Aka ja shi zuwa bakin kogin Medina a tsibirin, aka zaunar da shi a cikin taɓo, aka sa masa fitilu, ya zama gidan rawa. Duk wanda ya wuce a shekarun farko zai ga jirgi tsaf da fentinsa da sunansa, ya ce wannan ya yi dace. A ƙasa kuwa, inda ido ba ya kaiwa, ruwa da tsatsa suna aikinsu ba hutu. Gobara ta taɓa shi a 1977, aka gyara abin da ake gani. Da gidan rawa ya rufe, sai jirgin ya zama na kowa a baki, ba na kowa ba a hannu. An tashi da niyyar ceto shi fiye da sau ɗaya, ana ambaton Normandy, ana faɗin irin darajarsa, amma ƙarfen ya riga ya ci kansa. A 2006 bututun hayaƙinsa ya karye ya faɗi.

Ban ga mugunta a zuciyar waɗanda suka riƙe Ryde ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.  Kowa dai ya ci moriyar sunan, ya bar wa na bayansa ɗawainiyar ƙarfen.

Waverley kuwa an kai shi Great Yarmouth, aka yi masa gagarumin aiki kashi biyu, a 2000 da 2003, wanda ya ci kusan fam miliyan 7, mafi yawa daga asusun cacar ƙasa na kula da kayan tarihi. An tuɓe shi har ƙashi. Aka canza farantan ƙarfen da suka mutu, aka shimfiɗa sabon daɓen katako, aka sa tukwane biyu sababbi, aka shigar da kayan kariya da dokar zamani ta wajabta ba tare da sun ɓata masa fasali ba. Daga ƙarshe aka mayar masa da kamarsa ta 1947: bututu biyu masu ja da fari da baƙi, da ɗakunan sama na ƙarfe waɗanda mai fenti ya bi da hannu yana zana musu jijiyar itace har ka rantse katako ne. Adon ya zo, amma shi ne na ƙarshe a layi.

A watan Mayun 2019, ana shirin fara tafiye-tafiyen shekara, bincike ya nuna tukwanen nan biyu sun gaji, sun wuce faci. Daga waje jirgin lafiyarsa lau. Fenti na ƙyalli, tagulla a goge, tuta a sama. Ba fasinjan da zai hango abin da ke cikin tukunya, domin a can ƙasa take, bayan ƙofar da ba a buɗe wa baƙo.

Akwai masu riƙon amana waɗanda, da a hannunsu wannan ya faɗo, da ba a ji labarin ba. Sun san yadda ake yi: a tsawata wa wanda ya gano matsalar, a ce yana zubar da mutuncin gida, a sayo fenti a shafe gaban gini saboda babban baƙo na tafe, a yanka kirtani, a ɗau hoto, a manna allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe. Irinsu sun iya zancen gado, su ambaci kakanni har idonsu ya kawo ruwa, amma ba su san ta inda rufi ke yoyo ba, kuma wanda ya sani ya yi wata da watanni ba a biya shi ba. Tukunya ba ta da farin jini a wurinsu, don ba a taro a gabanta kuma ba wanda zai karanta suna a jikinta.

Masu Waverley suka fito suka faɗi gaskiya. Suka soke tafiyar shekarar baki ɗaya, da duk kuɗin da za ta kawo, suka ce ana bukatar fam miliyan 2.3. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dubban mutane suka aiko da abin da ya sawwaƙa, gwamnatin Sikotland ta ba da fam miliyan 1, kuma kafin shekarar ta ƙare kuɗin ya cika. Mutane sun bayar ne saboda shekara arba'in da wani abu suna ganin inda kuɗinsu ke shiga. Aka ja jirgin zuwa Greenock, aka ɗaga bututun nan biyu da ake saninsa da su aka ajiye a gefe, aka buɗe cikinsa, ƙugiya ta zaro tsofaffin tukwane ta sauke sababbi, aka sabunta injinan wuta da wayoyinsa. Annobar korona ta faɗo ana tsakiyar aiki, ta ja shi da baya, amma a Agustan 2020 jirgin ya fita.

Bai cika mako biyu da fita ba, a farkon Satumba, ya daki matsayar Brodick a tsibirin Arran, mutum 24 suka ji rauni, goshinsa ya lotse, tafiyar shekarar ta tsaya nan. Suka mai da shi wurin gyara, suka sake neman kuɗin da zai raba shi da hunturu, a 2021 ya koma ɗaukar fasinja.